Kamu da Ɗaurin 'Yan Adawa a Ƙasar Katsina: Daga Zamanin En'e Zuwa Yau

A yau idan aka ce wa mutumin Batsari ko Safana an tafi da wane, hankalinsa dajin Rugu zai nufa, wurin 'yan bindiga da kuɗin fansa. Sai dai akwai wani kamun da ya girme wannan nesa ba kusa ba, kuma ba a daji ake yin sa ba. Shi ne wanda hukuma ke yi da rana tsaka, da kaki da ankwa, ga mutumin da bai ɗauki makami ba, bai taɓa dukiyar kowa ba, laifinsa kawai ya bi jam'iyyar da ba ta kan mulki, ko ya fito fili ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan ɗabi'a tana da mafari a ƙasarmu, tana da dalilai, an san shekarun da ta yi ƙamari da waɗanda ta lafa. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Kafin zuwan Turawa

Yammacin Katsina bakin daga ne tun bayan jihadi. A wajen 1807 Malam Ummarun Dallaji ya karɓi birnin Katsina, sarakunan Haɓe suka fice, daga baya zuriyarsu ta kafa Maraɗi. Kusan duk ƙarni na 19 ana kai hari ana ramawa tsakanin Katsina da Maraɗi, ƙasar Ruma da dajin Rugu kuwa suna kan hanyar mahara. Har yau hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Baka ya riƙe sunan Ɗanwaire, jarumin Ruma, ana ba da labaran bajintarsa a fagen fama, kowa da yadda ya ji daga kakanninsa. Waɗannan labaran baka ne, haka ya kamata a ɗauke su. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne zaman bakin daga yana sa talaka ya jingina da mai kare shi, mai karewa kuma ya saba da a bi umarninsa ba tambaya.

A wancan zamani babu jam'iyya, babu ƙuri'a. Akwai gidan yari, akwai mari da turu, akwai dogarai. Akwai kuma ma'aunin da malamai suka ajiye. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da ya ɗauka zalunci ne a mulkin sarakunan da ya tarar, ciki har da ƙwace dukiyar talakawa, da hukunci bisa son zuciya ba bisa shari'a ba, da jangali. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, irin waɗannan hujjoji ne 'yan adawa za su ɗauko su fuskanci jikokin masu jihadi da su.

1903 zuwa 1950: yadda aka gina En'e

Lugga ya shiga Katsina a 1903, bayan Kano da Sakkwato sun faɗi. Cikin waɗanda suka fara ɗanɗana tsarewa ba shari'a a sabon zamani har da sarakunan kansu. Turawa sun tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, aka raba su duka da ƙasarsu, aka ɗora Durbi Muhammadu Dikko. Saƙon ya isa ga kowa: sarki yana da iko a kan talakawansa gwargwadon biyayyarsa ga Razdan.

Turawa ba su da yawan da za su mallaki ƙasa da kansu, don haka suka ƙarfafa hukumar gargajiya, wadda aka fi sani da En'e. Aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa baitulmali, aka tsara haraji da jangali, aka mayar da alƙalai ma'aikatan albashi. A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da 'yan doka masu horo irin na zamani daga cikin tsarin dogarai, kuma a Katsina ɗan sarki ne, Usman Nagoggo, ya shugabance su tun daga 1929, kafin ya zama Magajin Gari, sannan ya gaji mahaifinsa a 1944.

A nan tushen matsalar yake, kuma ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Hukuma guda ce ke karɓar haraji, ita ke da ɗan doka mai kamawa, ita ke naɗa alƙali ta biya shi, ita ke da gidan yari. Lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali. Wanda bai yarda da hukunci ba, ɗaukaka ƙararsa tana bi ne ta kotunan En'e ɗin nan kafin ta kai inda za a ji shi da wani kunne. Kafin jihadi da bayansa, talakan da mai mulki ya matsa wa yana iya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura, sarki kuma yana tsoron bore. Da Turawa suka tsaya bayan sarauta da bindigar soja, wannan tsoro ya ragu ƙwarai. Muddin babu wanda ke neman kujerar mulki, tsarin yana tafiya shiru. Ranar da siyasar jam'iyyu ta zo, sai ga shi ɗaya daga cikin masu takara shi ke riƙe da ankwa da bulala da makullin gidan yari.

1950 zuwa 1966: zamanin NEPU

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya rungume ta, ya zama shugabanta a 1953. Takenta Sawaba, alamarta tauraro. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa mai taken Salama, kuma mafi yawan jagororinta ma'aikatan En'e ne da 'ya'yan sarauta. A Katsina manyanta sun haɗa da Alhaji Isa Kaita da Alhaji Musa 'Yar'aduwa, dukansu ministoci daga baya, dukansu masu riƙe da sarauta a fada.

Zaɓen 1951 ya nuna wa masu mulki abin da ke tafe. A matakin farko NEPU ta yi rawar gani a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da aka kai ƙarshe ba ɗan NEPU ko ɗaya da ya shiga majalisar Kaduna. A 1952 jam'iyyar ta fitar da sanarwarta ta Sawaba, inda ta ce akwai saɓanin muradi tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Daga nan aka ja daga.

Makami na farko shi ne izinin taro. Ba a yin lacca sai da takardar En'e, En'e kuwa ita ce abokiyar hamayya. A nemi izini a hana. A taru ba izini a kama. Makami na biyu shi ne tuhumar da ba ta da iyaka: zagin sarki, raina hakimi, tayar da zaune tsaye. Mai lacca ya ce haraji ya yi nauyi, gobe yana gaban alƙali, kafin azahar an yanke masa wata uku ko shida, wani lokaci da bulala. Masanan da suka bi siyasar Arewa a lokacin, irin su Richard Sklar da C. S. Whitaker da Billy Dudley, duk sun rubuta yadda kotuna da 'yan dokar En'e suka zama abin tsoratar da 'yan adawa. A Kano a 1953 aka ga bayyanar 'yan Mahaukata, gungun 'yan daba masu far wa 'yan NEPU da duka, kuma zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, daga 1953 zuwa 1963, ya yi suna wajen tsanani a kansu.

Cikin waɗanda suka sha wuya babu wadda sunanta ya kai na Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Tana matashiya aka kama ta a Kano tare da mata masu yawa saboda taro ba izini, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Ana cewa sau 16 ta shiga gidan yari a rayuwarta. Ita da bakinta ta ba da labarin dukan da aka yi mata da askin wulaƙanci da aka yi mata da fasasshiyar kwalba. Ta yi duk wannan gwagwarmaya a lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a ma, domin sai a 1976 aka ba su. Malam Lawan Dambazau da Tanko Yakasai da wasunsu su ma sun san cikin kurkuku.

Amma waɗannan mutanen birni ne, jarida tana ɗaukar labarinsu, jam'iyya tana nema musu lauya idan ƙara ta kai babbar kotu. A ganina wanda ya fi ɗaukar nauyin wannan zamani shi ne ɗan NEPU na ƙauye, a gundumomi irin su Ruma da Safana da sauran ƙasar Hausa, inda hukuma gaba ɗayanta ita ce hakimi da dagaci da alƙali da ɗan doka, kuma duk sun san gidansa da gonarsa. Shi ba sai an tuhume shi da siyasa ba. Koke-koken da NEPU ta riƙa kai wa hukuma sun nuna hanyoyin da ake bi: a ƙara wa mutum haraji fiye da ƙarfinsa sannan a kama shi da rashin biya, a tayar masa da rikicin gona, a turo masa duba-gari, a tuhume shi da saran itace a gandun daji. Idan ya yi wata uku a ɗaure da damina, noman shekara ya tafi, iyalinsa sun shiga yunwa, maƙwabta kuma sun ɗauki darasi. Abin da ake nema ke nan. Ɗaurin mutum ɗaya a irin wannan wuri yana rufe bakin gari guda. A ƙasar Katsina, NEPU ta fi samun gindin zama a garuruwan kasuwanci da jirgin ƙasa irin Funtuwa, inda Wada Nas ya taso cikinta, domin a can baƙi sun yi yawa, abincin mutum bai rataya kacokan a hannun dagaci ba.

Adalci ne a faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke cewa. 'Yan NPC sun zargi 'yan NEPU da rashin kunya ga manya, da zuga talakawa su ƙi haraji, da koya wa yara raina iyaye. Gaskiya ne wasu masu lacca bakinsu ba linzami, kuma samarin jam'iyyar sun kafa nasu rundunonin suna ramawa idan an taɓa su. Da wannan hujja aka sa a dokar yara ta 1958 cewa yaro ba ya shiga harkar siyasa, Babbar Kotun Arewa kuma ta tabbatar da dokar a 1960. Amma kaifin baki ba ya halatta bulala, kuma mai ƙara ba ya zama alƙali a shari'arsa. Wannan ƙa'ida ce da Musulunci ya sani tun kafin Turawa su zo.

Koke-koken sun yi yawa har sai da suka taɓa tsarin mulki. Hukumar Willink, wadda ta zagaya ƙasa a 1957 da 1958 tana sauraron fargabar ƙananan ƙabilu, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. A 1958 gwamnatin Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda aikinsa ya haifar da kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960. Laifi ya zama sai wanda aka rubuta. Ci gaba ne na gaske. Sai dai alƙalin da ɗan dokan da gidan yarin suna nan a hannun da suke.

Sakamakon ya fito a akwatin zaɓe. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 NEPU ta ci kujeru 8, Malam Aminu ya tafi majalisar Legas. A zaɓen yankin Arewa na 1961 kujera ɗaya ta tsira da ita. A na Disamba 1964 an bayyana 'yan takarar NPC masu yawa sun ci ba hamayya, 'yan adawa kuma suka yi kukan cewa an hana mutanensu miƙa takardun tsayawa, wasu an tsare su har lokaci ya wuce. Akwai kuma abin lura a Kano: da gwamnatin Arewa ta Sardauna ta sa Sarki Sanusi ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare, magoya bayansa da suka kafa jam'iyyarsu ta mutanen Kano sun tsinci kansu a layin waɗanda ake kamawa, kafaɗa da kafaɗa da 'yan NEPU da suka tsangwama jiya.

A ƙetaren iyaka ma haka abin yake, har ya fi muni. A Nijar jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, aka bi 'ya'yanta da kamu da azaba, da yawa suka tsallako Kano da Katsina. Da aka toshe musu hanyar lumana, wasunsu suka ɗauki makami a 1964, gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su, har da harbewa a bainar jama'a. NEPU ba ta bi wannan hanya ba duk da abin da ta gani, kuma wannan abin a yaba wa Malam Aminu ne.

1966 zuwa 1983: an karɓe bulala daga En'e

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kawo ƙarshen jamhuriya ta farko, aka rushe jam'iyyu, Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagoggo, ya zama gwamnan soja na Arewa. A shekarun da suka biyo baya aka yi gyaran da NEPU ta shekara 15 tana nema. Kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a haɗe 'yan doka da gidajen yarin En'e da na tarayya. A 1968 gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya, kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha, aka soke kotunan sarakuna, 'yan doka kuma sannu a hankali aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Babban dalilin da aka bayar shi ne yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa ya jagoranta yana mataimakin Obasanjo, ya ƙarasa En'e.

A 1979 magadan NEPU, wato PRP, suka ci gwamnan Kano da na Kaduna, ƙasar Katsina kuwa a lokacin tana cikin jihar Kaduna. Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita na NPN, kuma cikin matakansa na farko har da soke haraji da jangali, waɗanda su ne igiyar da aka daɗe ana ɗaure talaka da ita. Zamani ya juya har Umaru Musa 'Yar'aduwa yana PRP mahaifinsa yana jigo a NPN. Majalisar jiha mai rinjayen NPN ta ƙi amince wa Balarabe da kwamishinoni, ta tsige shi a Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Cin zarafi bai ƙare ba, hannu kawai ya sauya. A Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Barno, ta tsallakar da shi Cadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, mutanen da ke neman diyyar gonakinsu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu, masu bincike irin su Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, suka ce ɗaruruwa ne. Ranar 10 ga Yuli 1981 aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, a gidansa a Kano.

1984 zuwa 1999: tsarewa da sa hannun mutum ɗaya

Sojojin da suka kifar da Shagari a ƙarshen Disamba 1983 sun kawo abin da ko En'e ba ta da shi a rubuce. Doka ta 2 ta 1984 ta ba babban hafsan fadar mulki, a lokacin Tunde Idiagbon, ikon tsare kowa na wata uku ba tuhuma, ya sabunta yadda ya ga dama, kotu kuma ba ta da hurumin tambaya. Aka cika gidajen yari da 'yan siyasa, mai laifi da marar laifi. Balarabe Musa ya yi zaman tsare aka sake shi ba a same shi da komai ba. Shugaban wannan gwamnati, Janar Muhammadu Buhari na Daura, da aka hamɓarar da shi a Agusta 1985, shi ma an tsare shi a Benin fiye da shekara uku ba shari'a. Babangida bai soke dokar ba, ya ci gaba da aiki da ita. A zamaninsa ne, ranar 23 ga Satumba 1987, aka ƙirƙiro jihar Katsina.

Zamanin Abacha ne Katsina ta yi babban rashi. Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya bar soja tun 1979 ya koma siyasa, ya tsaya a taron tsarin mulki na 1994 kan a sa wa soja ranar sauka. A Maris 1995 aka kama shi da zargin juyin mulki, kotun soja ta asirce ta yanke masa kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri mai tsawo. Ya rasu a tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997, aka kawo gawarsa Katsina. Ana faɗin cewa allura aka yi masa da ƙarfi, an kuma tayar da maganar a gaban kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, amma babu kotun da ta hukunta kowa a kan mutuwarsa. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa ke nan, ɗan Mutawallen Katsina. Idan haka ta same shi, sai a auna halin wanda ba shi da kowa. A 1998 aka tsare Abubakar Rimi da Sule Lamido saboda wasiƙar da dattawan Arewa 18 suka rubuta suna ƙin Abacha ya gaji kansa, sai bayan rasuwarsa a Yuni suka fito. Janar Abdulsalami Abubakar ya soke Doka ta 2 a 1999, dab da miƙa mulki.

1999 zuwa yau

A rubuce, ɗan Nijeriya bai taɓa samun kariya irin ta yanzu ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 40 ya ba da 'yancin taro da shiga jam'iyya. Izinin taron nan da aka ɗaure 'yan NEPU a kansa ma ya faɗi. A Satumba 2003 'yan sanda suka watsa gangamin jam'iyyar adawa ta ANPP a Kano da barkonon tsohuwa bisa hujjar babu izini, Buhari yana wurin, abokin takararsa Chuba Okadigbo kuma ya rasu bayan 'yan kwanaki. Jam'iyyu suka kai ƙara, a Disamba 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa taron lumana ba ya bukatar izinin ɗan sanda. A Disamba 2017 Buhari, yana shugaban ƙasa na farar hula, ya sa hannu a dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ɗora wa majistare ziyarar wuraren tsare mutane kowane wata.

A aikace labarin daban ne. Tun a 2007 jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai binciken azabtarwa, Manfred Nowak, ya zagaya wuraren tsare mutane a Nijeriya ya ce duka da gallazawa don tilasta amsa laifi sun zama ruwan dare a hannun 'yan sanda. A farkon Agusta 2019 wasu mutane suka tafi da Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, daga gidansa a Barnawa ta Kaduna. Malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, maƙwabciyar Safana, mai sukar gwamnati a kafafen sada zumunta. Hukumomin tsaro sun ce ba ya hannunsu, shekaru kuma sun shuɗe ba a gaya wa iyalinsa inda yake ba.

A waɗannan shekarun ne jinin mutanen yammacin Katsina ya zama abin zanga-zanga. A Mayu 2019 mutanen Batsari suka ɗauko gawarwakin waɗanda aka kashe a 'Yargamji suka kai su birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. Ranar 16 ga Yuni 2020 gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta yi tattaki na lumana a Katsina kan kashe-kashen, ana gamawa aka kama jagoranta Nastura Ashir Sharif aka wuce da shi Abuja, sai da ƙasa ta yi caa aka sake shi bayan kwana biyu. Masu kisa suna daji, wanda ya yi kukan kisan yana hannu. Wannan abu ya yi wa mutanen yankin ciwo, kuma suna da gaskiya.

Sai zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024. An yi ƙone-ƙone da sace-sace a wasu wurare, har aka sa dokar hana fita a Katsina, ta Dutsinma ba dare ba rana. Wanda ya yi ɓarna a hukunta shi bisa doka. Amma ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida har da Katsina, an tsare fiye da 1,200, 'yan sanda kuma suka musanta. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu yara ne daga Arewa da suka yi kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda rama da yunwa. Aka sa belin kowane naira miliyan 10. Da hotunan suka zagaya duniya, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka janye ƙarar. Umarnin shugaban ƙasa ne ya fitar da su, alhali tsarin mulki ya riga ya hana a riƙe su haka tun ranar farko.

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi, kuma tun Oktoba 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma ta Katsina. Babu mai hankalin da zai ce wa mutumin Batsari ko Runka ko Zakka ba ya bukatar mai tsaron da ya san dajinsa. Yana bukata, da gaggawa. Amma mun taɓa samun jami'an tsaro na gida, an kuma karɓe su ne bayan 1966 saboda mai naɗa su shi ne mai takara. Ina roƙon wakilanmu a majalisar Katsina da ta Abuja, kafin su ɗaga hannu kan kafa 'yan sandan jihohi, su tabbata an rubuta a doka cewa gwamna shi kaɗai ba zai naɗa shugaban rundunar ko ya tuɓe shi ba, rundunar ba ta da hurumin hana taron siyasa, duk wanda ta kama za a rubuta sunansa a sanar da iyalinsa a ranar, kuma majistare zai shiga ɗakin tsarewa kowane wata ya ƙirga mutanen da ke ciki da idonsa.